Fallen Jinkiri a Maikuroskof Mai Tace Haske: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na masu aiki da maikuroskof mai tace haske ne: ɗaliban ilimin duwatsu, ma'aikatan ɗakin gwaji na asibiti, da masu binciken zare, siminti ko garin magani. Matatar hasken da ke ƙarƙashin tebur, wato folaraiza, za mu kira ta matatar ƙasa. Ta saman samfur, wato analaiza, matatar sama. Fallen jinkiri kuma shi ne ɗan siririn abin nan da ake zurawa cikin tsagar da ke tsakaninsu.

Mene ne aikin fallen jinkiri, tunda ko babu shi ana ganin launuka?

Akwai abubuwan da haske ba ya ratsa su a dunƙule. Da ya shiga sai ya rabu gida biyu, kowane kashi yana kaɗawa a layinsa, layukan biyu sun giciye juna, kuma ɗaya ya fi ɗaya gudu. Irin waɗannan su ne masu tagwaita haske: kwaz, kalsait, maika, sitaci, auduga, nailan, gashin mutum. Layin da kashi mai gudu yake bi shi ne layin sauri, ɗayan kuma layin saiɓi. Kafin su fito daga samfurin, mai saiɓin ya zama a baya da wata tazara, kuma wannan tazarar ita ce jinkiri. Da nanomita ake auna ta.

Idan matatun biyu suna giciye, jinkirin ne yake fitowa a matsayin launi. Sai dai launin yana gaya maka yawan jinkiri ne kawai, ba ya nuna ta ina layin saiɓi ya bi. Falle kuwa abu ne mai tagwaita haske wanda an riga an san jinkirinsa, an kuma yi wa layin saiɓinsa alama. Idan layin saiɓin samfur ya dace da na falle, jinkirin biyu su haɗu, launi ya hau: ƙari ke nan. Idan sun giciye, ɗaya ya ci ɗaya, launi ya sauka: ragi ke nan. Duk wani amfani da ake yi da falle, daga gane ma'adini zuwa gane ciwon gaɓa, a kan wannan ƙari da ragi ya tsaya.

Yaya ake lissafin jinkiri?

Kaurin samfur sau ƙarfin tagwaitawarsa. Ƙarfin tagwaitawa shi ne bambancin ma'aunin karya haske na kashin biyu, wato adadin da ke nuna yadda abu ke rage wa haske gudu. A kwaz, 1.553 da 1.544 ne, bambanci 0.009. Yankan dutse na ƙa'ida kaurinsa maikuron 30 ne, wato nanomita 30,000, don haka mafi girman jinkirin da kwaz zai bayar shi ne nanomita 270, fari mai ɗan rawaya. Kalsait kuwa 1.658 da 1.486, bambanci 0.172, jinkirinsa ya haura nanomita 5,000 a kauri ɗaya, launinsa ya koɗe ya koma fari mai ƙyalli.

Taswirar launuka ta Auguste Michel-Lévy, masanin duwatsu na Faransa, wadda ta fito a 1888, ita ce ta haɗa ukun nan a shafi ɗaya: kauri, launi da ƙarfin tagwaitawa. An raba ta hawa-hawa, kowane hawa kimanin nanomita 550. Hawa na farko ya fara da baƙi, sai ruwan toka, fari, rawaya, ruwan lemo, ya ƙare a ja. Na biyu ya fara da shunayya, shuɗi, kore, rawaya, ya sake ƙarewa a ja wajen 1,100. Daga hawa na huɗu launuka sai su zama ruwan hoda da kore marasa ƙarfi.

Fallaye nawa ne, kuma wanne ya kamata a fara mallaka?

Uku ne aka fi samu a akwatin maikuroskof. Falle mai cikakken zango, wato tsawon kaɗawa ɗaya ta haske, wanda ake rubuta wa λ, jinkirinsa tsakanin nanomita 530 da 550 ne gwargwadon kamfani. Tsofaffin littattafai suna kiransa fallen jifsam, domin da jifsam ake yinsa a da. Yanzu da kwaz ko wata leda ta musamman ake yi, a manne tsakanin gilasai biyu. Idan da kwaz ne, kaurinsa kimanin maikuron 60 ne. Sai falle mai rubu'in zango, λ/4, fallen maika, jinkirinsa wajen 140. Na uku wejin kwaz, siriri a baki mai kauri a gindi, wanda jinkirinsa ke ƙaruwa yayin da ake tura shi, yawanci har hawa huɗu, wani har shida.

Wanda zai sayi ɗaya tak, ya sayi mai cikakken zango. Shi ke yin mafi yawan aikin asibiti da na zare. A duba girman tsaga kafin saye: yawancin na'urorin zamani milimita 6 da 20 ne, amma tsofaffi da yawa suna da nasu awon.

Me ya sa fili ke zama ja mai shunayya da an zura falle mai cikakken zango?

Domin tsawon zangon koren haske kusan 550 ne. Koren da aka jinkirta da zango ɗaya cif yana fitowa yadda ya shiga, matatar sama ta tare shi. Ja da shuɗi su wuce, haɗuwarsu ta ba da wannan launi. Amfaninsa shi ne yana kan iyakar hawa na farko da na biyu, inda ƙaramin canji ke sauya launi sosai. Samfur mai jinkiri 100, wanda da ƙyar ake ganinsa a matsayin toka-toka cikin duhu, da falle zai zama shuɗi tas a ƙari, wato 650, ya zama rawaya mai ruwan lemo a ragi, wato 450.

Wace hanya ake bi a gano layin saiɓin samfur?

Da farko a cire falle, a cire samfur, a giciye matatu har fili ya yi baƙi ƙirin. Idan baƙin bai cika ba, duk abin da ya biyo baya zai karkace. A mayar da samfur, a kawo ƙwayar da ake so tsakiyar gicciyen zaren gilashin ido, a juya tebur har ta yi duhu. A wannan matsayi layukanta biyu sun dace da na matatu, ɗaya gabas da yamma, ɗaya kudu da arewa, idan aka ɗauki saman filin da ake gani a matsayin arewa, damansa kuma gabas. A karanta digirin da ke gefen tebur, a juya digiri 45 daidai. Nan ƙwayar ta fi haske. A lura da launinta, a kimanta jinkirinta a taswira, sannan a zura falle har ya zauna.

A yawancin na'urori tsagar ta taso daga kudu maso gabas ta nufi arewa maso yamma, layin saiɓin falle kuma ya giciye tsawonsa, wato yana kwance daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Alamarsa γ ce ko Z' da ɗan kibiya. Idan launi ya hau, layin samfur da ke kwance a wannan shiyya shi ne na saiɓi. Idan ya sauka, na sauri ne. Kada a tsaya nan. A juya tebur digiri 90 falle na ciki, a ga akasin abin da aka gani. Kwatanta matsayi biyu ya fi dogaro da ɗaya nesa ba kusa ba, domin ido ya fi iya cewa wannan ya fi wancan hawa a kan ya ce wannan nanomita kaza ne.

An koya mana cewa shuɗi ƙari ne, rawaya ragi. Kullum haka ne?

A'a, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Wannan ƙa'ida ta samfur mai ƙaramin jinkiri ce, wanda launinsa ba tare da falle ba bai wuce ruwan toka ba, kamar 150 zuwa ƙasa. Ɗauki kwaz mai 270. A ƙari zai ba da 820, kore mai rawaya na hawa na biyu. A ragi zai ba da 280, fari mai ɗan rawaya na hawa na farko. Babu shuɗi ko ɗaya, kuma duka biyun suna da rawaya a jikinsu. Wanda ya haddace launi bai yi lissafi ba zai ce ragi a matsayin biyu.

Samfur mai jinkiri 400 kuma a ƙari zai kai 950, ruwan lemo mai haske, a ragi ya faɗo 150, ruwan toka. Abin yi kullum shi ne a rubuta adadi uku: jinkirin samfur, shi da ƙarin 550, da bambancinsa da 550, a nemo launin kowanne a taswira kafin a yanke hukunci. Idan launin samfur ya kai hawa na biyu, fallen rubu'in zango ya fi sauƙin karantawa, saboda matakin da yake ɗauka gajere ne: daga shuɗi ya hau kore mai rawaya, ko ya sauko jan hawa na farko. Daga hawa na uku zuwa sama, weji.

Yaya ake aiki da wejin kwaz?

A sa samfur a digiri 45, a matsayin ragi, a tura weji sannu a hankali da siririn bakinsa. Launin samfur zai riƙa saukowa: kore, shuɗi, ja, rawaya, har ya yi duhu. A wannan wuri jinkirin weji ya yi daidai da na samfur. A cire samfur, a ga launin weji shi kaɗai, sannan a janye shi a hankali ana ƙirga sau nawa ja ya wuce. Idan ja biyu suka wuce, samfurin yana hawa na uku. Idan an tura weji launuka suna ta koɗewa babu duhu, a matsayin ƙari ake, a juya tebur digiri 90. A manyan hawa duhun ba ya zama baƙi sosai, toka mai duhu ne, saboda kwaz da samfur ba sa jinkirta kowane launi daidai da juna.

Me ake nufi da dogon samfur mai alamar ƙari ko ta ragi?

Ga abu mai tsawo kamar allura ko zare, idan layin saiɓi ya bi tsawonsa ana ce masa mai alamar ƙari, idan layin sauri ne ya bi tsawon, mai alamar ragi. Nailan, foliyesta da auduga masu ƙari ne. Yawancin zaren akirilik mai ragi ne, tagwaitawarsa kuma rarrauna. A asbestos, kirisotail da amosait masu ƙari ne, kurosidolait mai shuɗin launi kuma mai ragi, kuma wannan yana cikin abubuwan da ake rarrabe su da shi. Samfurin da ake zargin asbestos ne ba a buɗe shi sai a ƙarƙashin murfi mai zuƙe iska.

Gwajin yana da iyaka. Idan ƙwayar ba ta yin duhu sai tsawonta ya karkace kusan digiri 45 daga layin matata, alamar ba ta da ma'ana. Efidot da wolastonait kuma suna iya nuna ƙari a wata ƙwaya, ragi a wata, gwargwadon yadda aka yanka su. Ma'adini mai kakkauran launin kansa shi ma yana ɓoye launin jinkiri. Ribekait, wanda ake samu a wasu duwatsun giranit na yankin Jos, kuma shi ne ainihin ma'adinin kurosidolait, shuɗinsa kan yi duhu har a kasa karanta komai a tsakiyar ƙwaya. A nemi bakinta inda ta sirance.

A asibiti, yaya ake bambanta gawut da ciwon da ke kama da shi?

Tun 1961, lokacin da McCarty da Hollander suka nuna kiristal ɗin yuret a ruwan gaɓar masu gawut, wani ciwo mai kumbura gaɓa, wannan gwaji ne abin dogaro. Ɗigo ɗaya na ruwan gaɓa a kan gilashi mai tsabta, a rufe, a toshe gefe da jan farce don kada ya bushe. A fara dubawa da haske na yau da kullum da gilashi mai ninki 40, sannan a giciye matatu, sannan a sa falle.

Kiristal ɗin yuret kamar allura yake, yana haske sosai, kuma mai alamar ragi ne: rawaya idan tsawonsa ya bi layin saiɓin falle, shuɗi idan ya giciye shi. Na kalsiyam fairofosfet, mai jawo ciwon da ke kama da gawut, gajeren sanda ne ko mai kusurwa huɗu a karkace, mai alamar ƙari: shuɗi idan ya bi layin, rawaya idan ya giciye. Haskensa rarrauna ne, da yawa ma ba sa haske ko kaɗan, shi ya sa ake fara nemansu kafin a giciye matatu.

Maikuroskof ɗin asibiti sau da yawa teburinsa ba ya juyawa. A irinsa falle yana zaune a kan matatar ƙasa, ana karkata shi hagu ko dama. Sakamakon ɗaya ne, muddin an san inda layin saiɓi ya fuskanta a kowane matsayi. Abubuwan da ke yaudara kuwa sanannu ne: kwalbar da ke da okzalet, litiyam hefarin ko garin EDTA tana iya haifar da nata kiristal, don haka a yi amfani da sodiyam hefarin ko EDTA na ruwa. Allurar siteroyid da aka yi wa gaɓa kwanan baya tana barin kiristal masu haske. Garin safar hannu sitaci ne, yana nuna baƙin gicciye a tsakiyarsa.

Yaya ake gane alamar ma'adini a hoton gicciye?

A zaɓi ƙwayar da ta fi kowacce ƙarancin launi, wadda ke zama kusan duhu duk yadda aka juya tebur. A sa gilashi mai ninki 40 ko fiye, mai buɗi 0.65 zuwa sama (adadin yana rubuce a jikinsa), a shigar da gilashin saman kondensa, wato mai tattara haske a ƙarƙashin tebur, a buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, a shigar da gilashin Bertrand da ke cikin bututu a saman matatar sama, ko a zare gilashin ido a leƙa cikin bututu. Ma'adini mai ginshiƙin haske ɗaya, wato shiyya ɗaya tak da haske ke bi bai rabu biyu ba, zai nuna baƙin gicciye. Da falle mai cikakken zango, a dubi kusurwoyi huɗu dab da tsakiyar gicciyen. Idan arewa maso gabas da kudu maso yamma sun yi shuɗi, sauran biyun rawaya, mai ƙari ne, kamar kwaz. Idan akasin haka ne, mai ragi ne, kamar kalsait. A kalsait zobban launi suna da yawa kuma a matse, don haka weji ya fi: a kusurwoyin ƙari zobba suna tafiya ciki yayin da ake tura shi, a na ragi suna fita waje.

Idan ana son adadi, ba kimantawa da ido ba fa?

Hanyar Sénarmont ta fi sauƙi ga jinkirin da bai kai zango ɗaya ba. Tana buƙatar matatar sama mai juyawa da ma'aunin digiri, koren gilashi mai ba da haske mai zangon nanomita 546, da fallen rubu'in zango wanda layinsa ya dace da na matatar ƙasa, ta yadda fili zai zauna baƙi bayan an zura shi. A kula, fallen λ/4 na yau da kullum layinsa a digiri 45 yake, ba zai yi wannan aiki ba. A sa samfur a digiri 45, a juya matatar sama har samfurin ya yi duhu, a karanta kusurwar. Jinkiri shi ne kusurwa sau 546 a raba da 180, wato kusan nanomita 3 a kowane digiri. Digiri 30 ya ba da 91. Idan zare ne mai kaurin maikuron 20, a raba 91 da 20,000, ƙarfin tagwaitawarsa kusan 0.0046.

Ga jinkiri mai hawa da yawa akwai na'urar Berek, wadda Max Berek ya bayyana a 1913: falle ne da ake kishingiɗawa da ɗan dunƙule mai lambobi, a karanta a hagu da dama, a duba jadawalin da ya zo da ita. Jadawalin na wannan na'urar ne ita kaɗai, ba a aron na wata. Ga jinkiri ƙanƙani, na 'yan nanomita, kamar a ƙwayoyin halitta ko gilashi mai matsi a ciki, na'urar Brace-Köhler ce.

Fili bai yi launi ɗaya ba, ko jan ya karkata zuwa ruwan lemo ko shuɗi. Me ya jawo?

A fara da matatu: ko digiri biyu suka kauce daga giciye, launi zai sauya. Sai falle da bai shiga tsaga har ƙarshe ba. Sai gilashin kusa da samfur: na yau da kullum yakan riƙe matsi daga wajen haɗa shi, matsin kuma yana tagwaita haske. Masu alamar P, PO ko Pol ne aka zaɓa don wannan aiki, su ma kada a ɗaure su da ƙarfi. Kwanon roba ko murfin roba a kan hanyar haske yana ɓata komai, gilashi kaɗai ake sawa. Fitilar halojin tana bukatar shuɗin gilashin hasken rana, in ba haka ba launuka su yi rawaya fiye da na taswira. A kyamara kuma a kashe gyaran fari na kai-tsaye, a saita shi da fili babu samfur, babu matatar sama, domin kyamarar takan ɗauki jan falle a matsayin kuskure ta nemi goge shi.

Alamar layin saiɓi ta goge, ko ba mu yarda da ita ba. Yaya za mu tabbatar?

Da samfurin da aka sani. Sitacin rogo, masara ko dankali a cikin ɗigon ruwa ya wadatar: kowace ƙwaya tana nuna baƙin gicciye, kuma da falle, kusurwoyi biyun da suka yi shuɗi su ne ke kan layin saiɓi. A dubi ƙananan ƙwayoyi masu ruwan toka. A ɗakin gwajin asibiti a ajiye gilashin yuret da aka tabbatar, a duba shi duk lokacin da aka kwance na'ura ko aka canza falle. Wannan dubawa ba ta ɗaukar minti biyu, kuma falle da layin saiɓinsa ya giciye inda ake zato yana mayar da gawut ya zama ɗayan ciwon a takardar sakamako.

Shiyyar matatar ƙasa ita ma a tabbatar da ita. A na'urorin zamani gabas da yamma ce, a wasu tsofaffi kudu da arewa. A cire matatar sama, a dubi bayotait a yankan dutse: ya fi duhu lokacin da layukan tsagewarsa suka dace da shiyyar matatar.

Yaya ake adana falle?

Manne ne ke riƙe da shi, zafi da laima kuma su ne ke ɓata manne. Kumfa ko launin bakan gizo a gefe alama ce ya fara ɓarewa, kuma ba ya gyaruwa. A ajiye shi cikin akwatinsa da ƙunshin silika mai tsotse laima, musamman da damina lokacin da fumfuna ke cin gilashi, nesa da taga da fitila. Da hunturu ƙurar da ke sauka tana ɗauke da ƙwayoyin kwaz, masu haske tsakanin matatu kamar kiristal na gaske, masu kuma karce gilashi. A hure ta da ɗan famfon roba tukuna, sannan a shafa takardar goge gilashi mai ɗan danshin alkohol sau ɗaya, daga tsakiya zuwa gefe. Kada a jiƙa falle, kuma kada asiton ko zailin su taɓa bakinsa.